Furen da Gobara Ba Ta Kashe Ba

Duk sanda wuta ta tashi a duwatsun birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kamar ta watan Afrilun 2021 da ta cinye ɗakin karatu na Jagger a jami'ar birnin, sai ka ji masu sharhi na cewa daji ya halaka. Littattafan kam an yi asararsu. Amma dajin nan da mutanen wurin ke kira fynbos da wuta yake rayuwa, don irin tsirrai da yawa a cikinsa ba ya tsirowa sai hayaƙi ya ratsa shi.

A nan dangin tsirran da ake kira Erica suka fi yawa a duniya, iri fiye da 600. Renonsu ba wuya in an san halinsu: ƙasa mai yashi da tsami, rana sosai, kuma a guji taki mai ƙarfi, don saiwarsu siririya ce kamar gashi, ƙonewa take yi.

Wanda ya fi damuna a cikinsu shi ne Erica verticillata, mai furanni ruwan hoda masu siffar bututu, waɗanda tsuntsaye masu dogon baki ke shan zumarsu daga Janairu zuwa Maris. A da ya cika fadamun kudancin birnin. Gonaki da gidaje suka cinye fadamun, masu sayar da fure suka ƙarasa ragowar, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 aka sallama cewa ya ƙare.

Ashe da sauransa. A 1984 aka tarar da shi a wani lambu a Pretoria, aka kuma samu wani a lambun Kew na Ingila. Abin mamakin ma shi ne na fadar Belvedere a Vienna. A 1786 Sarki Joseph na Biyu, mai mulki a Vienna a lokacin, ya tura masu lambu biyu, Franz Boos da Georg Scholl, su tattaro tsirran Cape, kuma ga dukkan alamu daga kayansu ya fito. Shekara wajen 200 ma'aikata na yankar reshe suna dasawa, hannu zuwa hannu, har yaƙin duniya biyu suka wuce, kuma yau ba mai ambaton sunayensu.

Ma'aikatan lambun Kirstenbosch na Cape Town suka haɗa waɗannan tsatson, domin guda ɗaya shi kaɗai da ƙyar yake ba da iri. Aka mayar da shi Rondevlei a 1994, daga baya Kenilworth da Tokai, duk a kudancin birnin.

To, ina za a ƙara dasawa? Irin ƙasar da yake so saura 'yan filaye ƙalilan, su ma itatuwan fain da dangin bagaruwa na Ostareliya sun mamaye wasu, suna shanye ruwa, suna ƙara wa gobara zafi. Amma da hukuma ta zo sare fain ɗin Tokai, wasu mazauna unguwar kotu suka garzaya, wai za a raba su da inuwa. Su kuma jami'ai sukan yi ta jan ƙafa kan ƙona dajin a kan kari don gudun surutu. Alhali a Rondevlei, sai da aka cinna wuta da gangan sannan 'ya'yan furen suka tsiro da yawa da kansu.