Garuruwan dogo da tarihinsu da ke ƙaura zuwa birane

Akwai garuruwa a Arewa da layin dogo ne ya raine su. Kafanchan ta bunƙasa bayan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, wani reshen kuma ya tiƙe a Nguru a 1930, inda a da ake loda gyaɗa da ƙaro da fatu zuwa kudu. Amma mai son ganin kayan tarihin reluwe a adane, sai dai ya nufi manyan birane. A gidan tarihi na Jos aka ajiye kawunan jiragen ƙaramin layin Zariya zuwa Bukuru, wanda aka rufe a 1957. Gidan Jaekel, da aka mayar ma'adanar kayan reluwe, yana Ebute Metta a Legas. Hatta gadar Lugard ta Zungeru, garin da ya riƙe hedkwatar Arewa kafin Kaduna, kwance ta aka yi aka kai Kaduna a 1954.

Tushen matsalar, a ganina, shi ne mallaka. Tasha da kwatas da taragun da suka yi tsatsa duk dukiyar hukumar jiragen ƙasa ce ta tarayya. Ƙaramar hukuma da masarauta ba su da ikon taɓa su, mai ikon kuma yana nesa. Tun da fari da cutar kuturtar gyaɗa suka karya nomanta a shekarun 1970, tireloli suka ƙwace dakon kaya, ba wanda ya sake kallon tsohuwar tasha da idon riba sai ɗan gwangwan. Shi kuwa da sikeli yake zuwa, ƙararrawar tasha da makarin mota duk kilo ne a wurinsa.

Kwashewar ba ta rasa amfani ba, domin abin da aka kai Jos ya tsira. Illarta ita ce yaron Nguru zai girma bai san abin da ya tara Yarbawa da Inyamurai da Barebari a unguwa ɗaya ba. Kuma ƙarfe yana iya jira, tsofaffin direbobi da masu ba jirgi hannu da ke zaman fansho ne ba za su jira ba. Ɗaki guda a tsohuwar tasha, da hotuna da tikiti da muryoyinsu a naɗe, bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba, in hukumar za ta yarda ta ba garin aron makulli.