Ragon Turke da Yaron Yaye

Duk wanda ya taɓa turke rago don Babbar Sallah ya san cika ciki daban, ƙiba daban. Ka ba rago busasshiyar ciyawa daga safe har dare, tumbinsa zai yi tim, amma in ka shafa bayansa ƙashi za ka ji. Shi ya sa mai kiwo yake kawo harawa, ya jiƙa dusa, ya zuba kowar wake, ya sa kanwa a ruwan sha. In ragon ya kwana biyu bai ci da kyau ba, maigida da kansa zai tsuguna ya duba bakinsa da kashinsa, ya aika a kira malamin dabbobi. Babu wanda ya zaunar da manomi a aji ya koya masa wannan.

To, a gidan da ake yi wa rago wannan hidima, leƙa kwanon yaron da aka yaye watan jiya. Kunun gero ne tsararo da safe, da rana a ɗumama sauran, da dare a gutsura masa tuwo a dangwala a miyar kuka. In ka yi magana uwarsa ta ce, "Ai yana ci, Malam, dubi cikinsa." Yana ci kam, irin cin ragon da aka bari da tattaka. Hatsi yana ba da ƙarfi, amma ginin jiki da ƙwaƙwalwa sai da wake, gyaɗa, ƙwai, nono, zogale, ɗan kifi ko nama. Ma'aikatan lafiya sun kasa abincin ƙaramin yaro gida takwas, har da nonon uwa, suna son daga wata shida ya riƙa samun aƙalla biyar kullum.

Abin haushin shi ne yawancin waɗannan a gidan ake samar da su. Sai dai tun da kaka wake da gyaɗa suke tafiya kasuwa, a biya bashin taki, a yi hidimar biki. Ƙwayar ta tafi, harawar kuwa an ɗaure ta dami-dami an ɗora a kan rufi. Wato rago ya samu rabonsa daga gonar wake, ɗan mai gonar bai samu ba. Ƙwai na sayarwa ne ko na kwanci, kuma har yau akwai masu cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Ni dai ɓarayin da na sani, ba ƙwai ne ya lalata su ba.

Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 57, a Kebbi da Jigawa ya haura 60. Nan ne kuma ake noman gero da dawa da wake. A Nijar ma, tamowar 2005 ta fi tsanani a Maraɗi, yankin noma, alhali kasuwanni ba su rasa hatsi ba.

Ba na ƙin uzurin manomi. Ragon nan jari ne, kuɗinsa ake sa ran zai sayi hatsi in rumbu ya yi ƙasa da damina. Wanda 'yan bindiga suka hana zuwa gona a Zamfara ko Katsina kuwa, maganarsa daban ce.

Amma rago ramamme wata uku na kiwo mai kyau ya ishe shi ya murmure. Yaro ba haka ba ne. Daga shigar ciki zuwa cikarsa shekara biyu, kwana dubu ke nan, kuma tsayin da ya kuɓuce masa a lokacin da wuya ya dawo. In ta kai ga asibiti, aka zagaya masa zaren awo a damtse ya nuna ja, abin da za a ba shi a 'yar leda gyaɗa ce aka niƙa da madara da mai da sukari, irin wadda babansa ya kai kasuwa da kaka.

Maigida, kafin a ɗinke bakin buhu a bana, a auni 'yan tiyoyi na wake da gyaɗa a kai ɗakin uwar yaron.