Kuɗin Fito da Kayan Gyaran Babur: Daga Tashar Apapa zuwa Wurno, Raba da Goronyo

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda ake lissafa kuɗin fiton kayan gyaran babur da ake shigowa da su Nijeriya, da yadda wannan kuɗi ke gangarowa har ya sauka a kan bakanike da ɗan kabu-kabu a gabashin Jihar Sakkwato. Ta nuna cewa kason da doka ta yanka ɓangare ne kawai na nauyin, domin lambar da aka ba kaya da farashin dala su ne ke yanke yawan abin da za a biya.

1.0 Gabatarwa

Wurno da Raba da Goronyo ƙasashe ne na noma. Fadamun gulbin Rima da madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, sun sa noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa ya kafu a yankin. Ƙauyuka da yawa mota ba ta isa gare su, musamman da damina, saboda haka babur, ko mashin kamar yadda aka fi cewa, shi ne ke kai taki gona, ya kai buhu kasuwar Acida, ya kai maras lafiya asibiti. Mafi yawan waɗannan babura da kayan gyaransu daga Indiya da Sin suke fitowa, kamar Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue. Duk filogi ko sarƙa ko fistin da bakanike ya sa wa mashin a Goronyo, an riga an biya masa kuɗin fito a wani wuri mai nisa, kuma mai mashin ne ke mayar da kuɗin ba tare da ya ga rasit ba.

2.0 Ma'anar Kuɗin Fito

A asalin Hausa, fito shi ne ƙetarar da mutum ko kaya daga wannan gaɓar gulbi zuwa waccan, kuɗin fito kuwa shi ne ladar mai jirgi. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta ƙunshi abin da fatake ke biya kafin su ratsa ƙasar wani sarki, sannan ta koma kan harajin da hukumar kwastan ke karɓa a kan kayan da suka ƙetaro iyaka. Kalmar ta bambanta da haraji na kan mutum da jangali na kan shanu, domin ita a kan kaya take faɗawa, kuma a lokacin ƙetarewa. A yau Hukumar Kwastan ta Nijeriya ce ke karɓar sa, a ƙarƙashin dokarta ta 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

3.0 Lambar Kaya da Rukunin Haraji

Kafin a yanka wa kaya kuɗi sai an ba shi lamba. Ƙungiyar Kwastan ta Duniya da ke Brussels ce ke kula da tsarin lambobin, wanda ya fara aiki a 1988. Babur sukutum yana ƙarƙashin lamba 8711, kayan jikinsa kuma 8714. Sai dai abin da ɗan kasuwa ke kira kayan gyara a dunƙule, tsarin ya warwatsa shi. Taya tana 4011, batir yana 8507, filogi yana 8511, sarƙa tana 7315, fistin da sauran kayan inji suna 8409. Kwantena ɗaya na iya ɗauke da lambobi goma, kowace da kasonta.

Kason yana fitowa daga jadawalin harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda Nijeriya ta fara aiki da shi a 2015. Rukunansa biyar ne: sifiri, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Ƙa'idar ita ce, kayan da masana'anta za ta sarrafa suna biyan kaɗan, kayan da aka gama ƙerawa suna biyan mai yawa. Wannan ne ya sa kamfanoni ke shigo da babura a warware cikin akwatuna, su harhaɗa su a Legas ko Nnewi. Idan mai kaya ya rubuta lambar da ba ita ba, da gangan ko bisa kuskure, akan ba shi takardar cikon kuɗi, kayan kuma su zauna a tasha kuɗin ajiya na hawa kullum.

4.0 Yadda Ake Lissafi

Mai shigo da kaya na kasuwanci yakan buɗe Fom M ta hannun banki, kwastan su fitar masa da rahoton ƙiyasi da ake kira PAAR. Ana ɗora harajin a kan jimillar abu uku: kuɗin kayan, da kuɗin inshora, da kuɗin jirgi. Bisa tsarin da aka bi a 2024, akan ƙara kashi 7 cikin ɗari na kuɗin fiton kansa, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS, da kashi 1 na duba kaya, sannan harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, ya hau kan jimillar duka.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Ɗan kasuwa ya sayi kaya na dala 10,000, jirgi da inshora suka ci dala 2,000, kuma a ƙaddara kason kayan kashi 10 ne. Idan dala tana naira 1,500, darajar kayan ta zama naira miliyan 18. Kuɗin fito zai kama naira 1,800,000, ƙananan kuɗaɗen uku su kama 366,000, VAT kuma 1,512,450. Jimilla naira 3,678,450, wato sama da kashi 20 cikin ɗari, ninki biyu na kason da ke rubuce a jadawali. Da a ce dala tana naira 460, kamar yadda take a hukumance kafin Babban Bankin Nijeriya ya sake ta a Yunin 2023, da jimillar ba ta wuce kimanin naira 1,128,000 ba. Ashe haraji na iya ninkawa fiye da sau uku ba tare da an taɓa harafi ɗaya na jadawalin ba.

Wanda ya yi odar ƙaramin ƙunshi ta intanet hanyarsa daban ce, domin gidan waya ko kamfanin aike ne ke gabatar da kayan ga kwastan. A Satumban 2025 hukumar ta sanar da yafe kuɗin fito a kan ƙananan saƙonni da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba. Wannan sassauci yana amfanar mai neman kafireta ɗaya, amma bai shafi kwantenar da shagunan ƙauye suka dogara da ita ba.

5.0 Gangarowar Nauyi zuwa Gabashin Sakkwato

Bakaniken Wurno ko Gandi ba ya shigo da kaya da kansa. Kayan na sauka a Apapa ko Tin Can, su wuce hannun manyan dillalai a Legas ko kasuwar Nkwo ta Nnewi, su iso Kano ko birnin Sakkwato, kafin mai shago na ƙauye ya saro. Kowane hannu yana ɗora ribarsa a kan farashin da haraji ya riga ya kumbura, ga kuma kuɗin mota wanda ya tashi bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Akwai hanya ta biyu, ta iyakar Illela da Birnin Ƙonni, wadda ke haɗa Sakkwato da kayan da suka biyo ta Kwatano da Nijar. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe, yankin kan koma ga dogaro da doguwar hanyar kudu.

Sakamakon a fili yake a gindin bishiyar bakanike. Mai mashin yakan zaɓi kaya mai araha ko da ba ya ƙarko, ko ya sa a yi wa tsoho kwaskwarima, ko ya ci gaba da hawa da taya da ta suɗe da birki da ya cinye. Ɗan kabu-kabu yana ƙara kuɗin hawa, manomi kuma ya biya daga ribar albasarsa.

6.0 Kammalawa

Kuɗin fiton kayan babur ya rataya ne a kan lambar kaya, da rukunin haraji, da ƙananan kuɗaɗen da ke biye, da farashin dala, kuma na ƙarshen ne ya fi jijjiga farashi tun daga 2023. Takardun da ke ɗauke da waɗannan ƙa'idoji duk da Ingilishi suke, alhali masu biyan kuɗin a Wurno da Raba da Goronyo da Hausa suke ciniki. A nan akwai aiki ga masana Hausa: tattara kalmomin da bakanikai suka riga suka hausantar, irin su filogi da kafireta da kuloci, a daidaita su da lambobin kwastan, yadda ɗan kasuwar yankin zai iya karanta abin da aka caje shi da harshensa.