Daga Allon Zane Zuwa Bakin Harsashi: Yadda Sabon Akitek Ke Goguwa a Ƙaramin Ofis

Da yawa daga cikin ofisoshin zanen gine-gine a Kano, Kaduna da Abuja ba su wuce ɗaki biyu a saman bene ba. Mai ofis, ma'aikata uku ko huɗu, firinta babba guda ɗaya, sai janareto a bayan matakala. A irin wannan wuri matashin da ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi yakan fara aiki, sau da yawa tun yana sanye da kakin bautar ƙasa. Wasu suna ɗaukar wurin a matsayin zango, kafin a samu babban kamfani ko aikin gwamnati. Sun yi gaggawar raina shi.

Tafiyar kanta doguwa ce. A Najeriya ɗalibi yana yin shekara huɗu ko biyar a digirin farko, ya ƙara kamar biyu a digiri na biyu, kuma duk da haka doka ba ta ba shi damar kiran kansa akitek ba tukuna. Hukumar ARCON, wadda aka kafa da doka mai lamba 10 ta 1969, ita ke riƙe da rajistar masu wannan sana'a, yayin da ƙungiyar NIA, da aka kafa a 1960, ke haɗa kan 'yan sana'ar. Kafin rajista sai mutum ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki a hannun wanda ya riga ya yi rajista, ya rubuta abin da ya yi, sannan ya zauna jarrabawar ƙwarewa. Inda aka yi waɗannan shekaru biyu, da yadda aka yi su, yana bin mutum har tsufansa.

A babban kamfani aiki rabe yake. Sabon ma'aikaci zai iya yin wata shida yana zana jadawalin ƙofofi da tagogi na wani katafaren gini da bai taɓa taka filinsa ba. Zai koyi tsari da tsafta a zane, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma mai ginin da magina duka labarinsu kawai zai ji. A ƙaramin ofis babu yawan hannu, saboda haka babu wurin ɓuya. Wanda ya auno fili ranar Litinin shi zai zana filan ranar Laraba, shi zai kai fayil hukuma, shi kuma za a kira a waya idan birkila ya ce awo bai fita ba. Gini ɗaya da mutum ya bi tun daga bakin mai shi har ranar miƙa makulli ya fi masa hotuna hamsin na gidajen da ba a gina ba.

Makaranta ta farko ita ce zama da mai gini. Jami'a tana ba ɗalibi takarda an rubuta masa abin da ake so: ɗakin kwana kaza, falo kaza. Alhaji kuwa zai shigo ne da hoto a waya, wani gida da ya gani a Dubai ko a Facebook, ya ce irinsa yake so a filinsa mai ƙafa 50 da 100. Abin da yake buƙata na gaskiya ba ya cikin hoton. Sai an iya tambaya, kuma da ladabi. "Ranka ya daɗe, baƙi maza ta ina za su shiga? Idan an yi suna ko biki, ina mata za su zauna? Hajiya da itace take girkin taro ko da gas? Akwai yara masu tasowa da za a ware wa ɗaki a waje?" Daga amsoshin ne zaure ke dawowa a siffar falon baƙi mai ƙofarsa da bayinsa daban, tsakar gida ta samu wuri, a fitar da madafa ta waje. Idan magidancin yana da mata biyu, akitek ya shiga wani lissafi da babu shi a littattafan Turai: dole sassan biyu su zo daidai a faɗi, a iska, har a nisan ƙofa zuwa turakar maigida, in ba haka ba zanen zai haifar da rigimar da ta fi ƙarfin siminti. Kuma sau tari wadda za ta yini a gidan ba a zo da ita ofis ba. Mai ofis gogagge ya san yadda zai ce, "Alhaji, a kai wa Hajiya filan ɗin ta duba mana wajen kicin," ba tare da an ji ya wuce gona da iri ba. Matashin da ke gefe yana rubutu yana kwasar darasin da ba a biya masa kuɗin makaranta ba.

Daga nan sai wajen gini, inda layin kwamfuta ke haɗuwa da abin da kasuwa ke sayarwa. Bulo inci tara ne ko inci shida, tsawonsa milimita 450. Rodi yana zuwa da tsawon mita 12. Buhun siminti kilo 50 ne. Filawud ƙafa huɗu ne da takwas. Wanda ya zana bango bai yi la'akari da tsawon bulo ba ya jawo a yi ta fasa bulo a kowane layi; wanda ya zaɓi tazarar ginshiƙai da ka, ya bar guntayen rodi zube a ƙasa, kuɗin mai gini ne. Kankare kuma yana da nasa lokacin: ana auna cikar ƙarfinsa ne a kwana 28, yana kuma son ban ruwa a kwanakin farko, musamman da zafin Afrilu ko bushewar hunturu. Ɗan kwangilar da ke sauri zai so a cire katakon dakin da wuri don a kai shi wani aikin. Ranar da matashi ya iya cewa a'a a wannan gaɓa, gaban mutumin da ya haife shi a shekaru, ya fara zama akitek.

Birkila da kafinta su ma malamai ne, ga wanda ya sauke girman kai. "Injiniya, wannan lintar ba za ta zauna haka ba," in ji wani dattijon magini, kuma sau da yawa gaskiyarsa. Wani lokacin kuma sabo ne kawai yake karewa, domin haka ya gaji yi. Rarrabe biyun nan ba ya samuwa sai da yawan tsayuwa a rana. Abin da ke taimakawa shi ne zanen dalla-dalla. Filan mai ma'aunin 1:100 yana nuna ɗakuna ne kawai. Inda rufi ya haɗu da bango, inda indararo zai zubar da ruwa, yadda taga za ta zauna, sai an sauko 1:20 ko 1:5. A nan gini ke yoyo ko ya ƙi yoyo, kuma nan ne sababbi suka fi gudu, domin ba ya kyau a Instagram.

Yanayi ma a ƙaramin aiki ake koyonsa. A ƙasar Hausa bangon gabas da na yamma su ke shan rana, saboda haka ake so dogayen ɓangarorin gini su fuskanci kudu da arewa. Hadarin damina daga gabas yake tasowa da iska, abin da maginan ƙasa suka daɗe da sani, shi ya sa suke ƙara wa bangon gabas kulawa wajen yaɓe. Gilashi daga ƙasa har sama a bangon yamma yana ƙayatarwa a hoto, amma a garin da zafi ke kaiwa digiri 40, wuta kuma ba tabbas, mai gidan zai ƙare a sayen man janareto.

Akwai kuma ɓangaren da ba wanda ke ɗokinsa: takardu da kuɗi. Izinin gini a Kano daga KNUPDA yake fitowa, a Kaduna daga KASUPDA, kowace da sharuɗɗanta kan tazarar da za a bari tsakanin gini da titi ko katangar maƙwabci. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. A ƙaramin ofis matashi yana ganin yadda ake rubuta wasiƙar yarjejeniya, yadda ake karɓar kuɗin aiki kashi-kashi, yadda ake zama da injiniyan ƙarfin gini da mai ƙididdigar kaya, da kuma abin da ke faruwa idan an miƙa cikakken zane kafin a biya.

Misali mafi kusa na abin da ƙaramin ofis zai iya yana Yamai. Mariam Issoufou Kamara ta fara da karatun kwamfuta a Amurka, ta yi shekaru tana aikin manhaja, sannan ta koma aji ta karanci zanen gine-gine a Jami'ar Washington. A 2014 ta buɗe ofishinta, atelier masōmī, a babban birnin Nijar. Aikin gidajen Niamey 2000, da ta yi tare da abokanta na ƙungiyar united4design, gidaje shida ne kacal, na tubalin ƙasa da aka matse da inji, masu bene da tsakar gida. Gidaje shidan nan sun shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan a 2022.

Aikinta na Dandaji, a jihar Tawa, ya fi koyar da matashi. Garin yana da tsohon masallacin ƙasa, ginin Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mutanen gari suna son sabon masallaci babba, tsohon kuma ya fara lalacewa. Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara a mayar da tsohon ɗakin karatu, a gina sabo mai ɗaukar mutum dubu a kusa da shi, aka kuma kira maginan da suka san ginin tun asali suka shiga aikin gyaran. An kammala a 2018. Masu digiri sun kawo lissafi da sabuwar dabara, magina sun kawo sanin ƙasar da ɗaurin guga. Matashin Zariya ba ya ma buƙatar tsallake iyaka don irin wannan karatu: masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yana nan cikin birni, kuma tef da littafin zane kawai ake buƙata.

Sai dai ƙaramin ofis yana da ramukansa. Na farko shi ne a mayar da matashi yaron kwamfuta. Ya fi kowa iya Revit, SketchUp da Lumion, saboda haka aka ɗaure shi a kujera yana fitar da hotuna masu sheƙi, Oga kuma shi kaɗai ke zuwa wajen gini. Shekara uku za ta wuce, hannunsa ya ƙware, amma bai taɓa ganin an zuba dakin ba. Na biyu, albashi: kaɗan ne, kuma yakan bi shigowar aiki, wata ya yi kyau, wata a ce a yi haƙuri. Na uku ya fi haɗari. Akwai wuraren da ke kiran kansu ofishin zane alhali babu mai rajista ko ɗaya a ciki, sai dai a kai zane wani ya buga hatimi a biya shi. Shekarun da aka yi a irin wannan wuri ba sa shiga lissafin rajista, kuma mai hatimin ya ɗauki alhakin ginin da bai taɓa dubawa ba. Tambayar lambar rajistar mai ofis tun ranar ganawar farko ba rashin kunya ba ce.

Maganin ramin farko roƙo ne, a fili. "Yallaɓai, in za a je zuba kankaren nan gobe, a tafi da ni." Yawancin masu ofis suna murna da wannan, domin sun samu mai riƙe musu tef da rubuta rahoto. Sauran kuwa rubutu ne: kwanan wata, aikin da aka yi, matakin da ginin yake, hoton kuskure da yadda aka gyara shi, da sa hannun mai ofis duk wata, ba a bari sai jarrabawa ta matso a zauna ana ƙago tarihi ba.

Ƙananan ayyukan gefe za su zo da kansu, katangar ƙanin baba, shagunan abokin yaya, gyaran masallacin unguwa. Ana karɓarsu da sanin mai ofis, a kuma kai masa zanen ya duba ya sa hannu, tunda har yanzu hatimin nasa ne. Masu ofis da dama ta irin waɗannan ayyuka suka tara mutanen da daga baya suka kawo musu makaranta ko asibiti, bayan rajista ta fito.