Ƙurajen Fuska: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Da wuya a sami gidan da ƙurajen fuska ba su hana wani saurayi ko budurwa sakewa cikin tsara ba. Jama'a da dama suna ɗora laifin a kan ƙazanta, alhali kuwa ba nan take ba. Idan yaro ya balaga, fatarsa takan yawaita fitar da maiƙo, ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, sai ƙuraje su feso.

Abin baƙin ciki, 'yan mata da yawa sukan ruga kasuwa su sayi man bilicin mai ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda ke ƙara ƙurajen, ya kuma siranta fata. Matse ƙurji kuwa tabo baƙi yake bari.

Likitoci suna shawartar a riƙa wanke fuska sau 2 a rana da sabulu mara kaifi, a guji mai mai maiƙo. Maganin shafawa na benzoyl peroxide yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a ga sauƙi, saboda haka sai haƙuri. Idan ƙurajen suka yi zurfi, a garzaya asibiti. Mai juna biyu kuwa, kada ta kuskura ta sha magani sai da izinin likita.