Ko Ka San Yadda Ake Ƙera Gwangwani Ba Tare Da Ɗinki Ba?

Duk wanda ya ɗauki gwangwanin lemo ya juya shi a hannunsa da idon basira, zai tarar cewa tun daga gindinsa har zuwa wuyansa babu walda, babu ɗinki, alhali kuwa asalinsa faifan sanholo ne shimfiɗaɗɗe, mai faɗin kimanin santimita 14, wanda wuta ba ta narkar da shi ba, maƙeri kuma bai ɗora masa masaba ba.

Sirrin al'amarin yana ga wata na'ura mai kama da turmi da taɓarya. Akan ɗora faifan bisa bakin turmin ƙarfe, a shafe shi da mai, sa'an nan taɓarya ta sauko da ƙarfin gaske ta tura tsakiyarsa cikin rami, gefensa kuma ya biyo baya yana malalowa sannu a hankali har ya zama ƙoƙo. Amma inda hikimar ta fi ba ni sha'awa shi ne wani zobe da yake danne gefen faifan yayin da ake jansa, domin in an sassauta shi ƙarfen yakan tattare kamar tsohuwar riga, in kuwa an matsa fiye da kima sai gindin ya yage. Saboda haka ma'abota wannan sana'a suke auna dannin nan da mizani mai tsanani. Sun kuma gano cewa ƙarfe ba ya yarda a ja shi da yawa a bugu guda: faɗin faifan bai kamata ya wuce ninki biyu na kaurin taɓarya ba sai kaɗan, don haka abu mai zurfi sai an bi da shi daki-daki. Shi gwangwanin lemo, bayan ja na biyu, akan tura shi cikin zobba uku masu tsukewa, har bangonsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, sa'an nan a datse bakinsa da ya fito a karkace.

Tun kafin gwangwanin nan ya yaɗu a Amurka cikin shekarun 1960, da wannan dabara ake ƙera kwanson harsashi, daga tagulla mai kashi 70 na jan ƙarfe da 30 na tutiya. Haka ma tukwanen girki da yawa da kwamin wanke-wanke na zamani.

Ya kai mai karatu, in ka sha lemo gobe, duba gwangwanin kafin ka yar.