Gargaɗi: Kumburin Ƙafa Ba Gajiyar Noma Ba Ne

Jama'ar ƙasar Zuru, daga Dabai zuwa Ribah, Mahuta da Dirin Daji, a kasa kunne. Duk wanda ƙafarsa ta kumbura har in an danna da yatsa sai gurbin ya zauna, ko yake haki daga ɗan tattaki zuwa masallaci ko coci, ko ba ya iya barci sai ya jingina da bango, to ya ajiye ƙwayoyin ciwon jiki tun yau.

Zuciya da ƙoda abokan cin mushe ne in ciwo ya zo. Kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke harbawa ƙoda yake zuwa. Idan zuciya ta yi rauni jinin ya ragu, sai ƙoda ta ɗauka ruwa ne ya ƙare a jiki, ta riƙe gishiri da ruwa. Ruwan nan ya taru a ƙafa da ciki da huhu, ya ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji nauyi. Haka ma ƙodar da hawan jini ko ciwon suga ya ci, ita ke ƙara ingiza hawan jinin har zuciya ta kumbura.

A nan ɓarnar take. Manomi ya dawo daga gona jiki duk ya mutu, ya aiki yaro kemis a ƙullo masa haɗi a leda. Irin wannan haɗi sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen ko Feldene a ciki, su kuwa rage jinin da ke shiga ƙoda suke yi. Mai lafiya kan sha ya wuce. Mai raunin zuciya kuwa, fitsari na iya ɗaukewa cikin 'yan kwanaki. Jiƙe-jiƙen da ba a san me aka zuba ba, su ma a bar su.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafi. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri da wannan: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. Mai jegon da ke haki da kumburi asibiti take buƙata.

Wanda likita ya ɗora kan maganin fitsari irin Lasix, kada ya ƙara ko ya daina da kansa. In nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, ya koma asibiti.

In ƙoda ta daina aiki sai wankin ƙoda, shi kuwa sau 2 ko 3 ake yi a mako, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ga kuɗin mota ga na wanki. Don Allah a kai mai kumburi Babban Asibitin Zuru tun da wuri, a roƙi a auna hawan jini, a kuma yi awon jini da na fitsari don duba ƙoda.